Saura mako 3 in koma aiki: me zan saya, me zan bari?

Sabuwar Uwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawararku nake nema. 'Yata tana da mako 10, hutun haihuwata kuma saura mako 3 ya ƙare. Aikin ofis nake yi daga 8 na safe zuwa 4 na yamma, in aka haɗa da hanya kusan awa 10 ke nan ba na tare da ita. Burina in ba ta nono zalla har wata 6. Tunda na fara bincike a waya talla ta yi mini caa, ko'ina na leƙa sai an nuna mini wani sabon abu. Na rubuta sun haura 20: na'urar tatsar nono, injin tsaftace fida, injin ɗumama madara, kujerar lilo mai kiɗa, kyamarar kallon jariri, safa mai auna bugun zuciya, keken koyon tafiya, da sauransu. Abin hannuna ba zai sayi rabinsu ba. Don Allah wanne ne ya amfane ku da gaske, wanne ne kuka saya ya zama kayan ajiya?

Maman Uku:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ƙanwata, ajiye wannan takardar tukuna, ki ɗauko wata. Rubuta yadda yininki zai kasance daga tashi zuwa kwanciya. Ƙarfe nawa za ki fita? Hannun wa za ki bar ta? A wurin aikinki akwai ɗaki mai ƙofa da za ki iya rufewa? Akwai soket? Akwai firji? Amsoshin nan su za su yi miki sayayyar.

Sau uku ina komawa aiki da ɗanyen goyo, kuma abubuwan da hannuna ke taɓawa kullum ba su wuce biyar ba: abin tatsa, ƙaramar kula da ƙanƙararta, mazuban ajiye nono masu murfi, fida uku ko huɗu, sai audugar da ake sakawa cikin rigar mama don kada nono ya ɓata kaya. Injin ɗumama madara na saya a haihuwar fari, mako biyu na yi da shi na tura shi saman kwaba. Kwano da ruwan ɗumi aikinsu ɗaya da shi.

Inda zan ce ki saki hannu shi ne abin tatsa. Mai awa 10 a waje za ta tatsa kamar sau 3, wato duk bayan awa 3. Ki nemi mai lantarki da ke tatsar ɓangare biyu lokaci guda, mai batir da ake caji. Cikin minti 15 zuwa 20 kin gama. Da na hannu sai ki yi ninkin haka, ga gajiyar yatsu, ga aiki na jiranki a tebur.

Hajiya Kaka:
Sannunku 'ya'yana. Ni shekara 30 na yi ina aiki kafin in yi ritaya, 'ya'ya biyar na shayar, ban taɓa riƙe wannan na'urar ba. Da hannuna nake tatsa a kofi mai tsabta in rufe. Ba hana ku saya nake ba, zamani ya zo da sauƙi ku karɓa. Amma ki koyi tatsa da hannu 'yata. Ranar da caji ya ƙare, ko kika mance wata 'yar roba a gida, nono ya cika ya yi tauri kina tsakiyar aiki, hannunki ne zai cece ki.

Anti Nas:
Hajiya ta faɗi gaskiya, mu ma a asibiti da shi muke fara koya wa masu jego. Ina aiki a ɗakin yara, bari in ƙara abin da na ga yana kayar da mata da yawa.

Na farko, mazurarin da ke zama a kan nono girma-girma ne. Yawancin na'urori da mai faɗin milimita 24 suke zuwa a kwali, kuma ba kowace mace yake yi wa daidai ba. In ya yi miki yawa zai riƙa jan fatar kewaye, in ya yi kaɗan zai riƙa gurzar kan nonon. Duka biyun ciwo ne, kuma nono ba ya fita sosai. Sai mace ta ce na'urar ba ta da kyau, ko ta ce ruwan nononta ne ya ƙafe, alhali mazurari ne kawai. Ki auna faɗin kan nononki da ruler, ki zaɓi wanda ya ɗara shi kaɗan. Kuma ƙure ƙarfin ja ba ya ƙara nono. Tatsa ba ta kamata ta yi zafi ba.

Na biyu, ajiya. Wannan ki rubuta ki manna a jikin firji, mai reno ma ta gani. Ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke nan ga jariri mai lafiya. Nonon da aka tatsa yanzu yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. In garin da zafi sosai kada ki jira awa 4 ɗin. A firji kwana 4, a can ciki, ba a jikin ƙofa ba. A firiza wata 6 ya fi kyau, har wata 12 ba laifi. A kula mai ƙanƙara awa 24. Wanda aka narkar daga firiza a yi amfani da shi cikin awa 24 yana firji, kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa. Ragowar da jariri ya sha ya bari, in ya wuce awa 2 a zubar. Kada a ɗumama a maikirowef, yana barin wani wuri da zafi ƙwarai ya ƙona bakin yaro.

Saboda ragowar nan ne nake cewa a zuba kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 120 a kowane mazubi. Jaririn da ke shan nono zalla tsakanin wata 1 da wata 6 yana shan kimanin mililita 750 a awa 24. Kin ga awa 10 ɗinki abin da za ki bari bai wuce 300 zuwa 400 ba. Ba sai kin cika firiza ba kafin ki koma.

Sabuwar Uwa:
Anti, wallahi kin sauke mini dutse daga ƙirji. Hotunan da nake gani na firiza cike da ledojin nono su suka hana ni barci, ina ganin na makara. Tambaya: wata ƙawata ta ce za ta ba ni nata abin tatsar, ta gama da shi. In karɓa?

Anti Nas:
Ki duba irinsa. Akwai masu shamaki tsakanin nono da injin, akwai waɗanda ba su da shi. Marasa shamakin nan danshi da ɗigon nono kan bi bututu su shiga cikin injin, inda ba ki da hanyar wankewa, har ya yi fumfuna. Irin wannan kada ki karɓa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ma tana ɗaukar na'urorin gida a matsayin na mutum ɗaya, ban da manyan nan da aka ƙera don a riƙa ba da haya. In dai za ki karɓa, ya zama mai shamaki, ki sayi sabbin mazurari da bututu da 'yan robobin ciki. Ki kuma gwada ƙarfinsa, don inji yana tsufa.

Maman Uku:
Ƙari kaɗan. Akwai wani ɗan kofi na roba mai laushi da ake mannawa a ɗaya nonon lokacin da jariri ke shan ɗayan, yana tare wanda ke zuba. Ba shi da tsada. Da shi na tara na kwanakin farko ba tare da na zauna tatsa na musamman ba. Ki fara tun yanzu, sau ɗaya da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Reno:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, ni ce wadda ake kawo wa yaran. Shekara 9 ina aiki a gidan reno.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne uwa ta kawo jariri ranar Litinin, ga fida sabuwa fil a kwali, bai taɓa sa ta a baki ba. Yaron nan zai wuni yana kuka, ga nonon uwarsa a hannuna ya ƙi karɓa, ni in yi ta hawaye a zuci, uwar ma a ofis hankalinta ba ya jikinta. Maman jaririya, ki fara gwada mata yanzu, sau ɗaya a rana, kuma wani ya ba ta, ba ke ba. Ki fita daga ɗakin ma, don in tana jin ƙamshinki ba za ta yarda ba. Kada ki sayi fida shida iri ɗaya. Sayi ɗaya ko biyu masu kan da ke zuba a hankali, in ta karɓi ɗaya sai ki ƙaro irinta.

Sannan abin da ba wanda ya rubuta a jerinsa, amma ni a wurina ya fi kyamara: farin salatif da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Sunan yaro da ranar da aka tatsa a jikin kowane mazubi. Firji ɗaya, yara takwas, mazubai kama ɗaya. Ku yi tunani.

Jaka kuma ba sai mai suna ba. Ta kasance tana buɗewa sosai in ga abin ciki da hannu ɗaya, don ɗayan hannun yana riƙe da yaro. Kaya canji uku, famfas fiye da yadda kike zato, leda ta saka masu datti, shimfiɗar canza famfas da ake gogewa. Kayan jariri masu maɓallai goma a baya ku bar su sai ranar hutu.

Hajiya Kaka:
In ta ƙi fidar kada ku tayar da hankali. Ƙaramin kofi ma yana yi, a ɗaga ta zaune a kai bakin kofin leɓenta, ita za ta riƙa lasa da kanta. Ba a ɗura mata. Kofi ya fi sauƙin wankewa ma.

Maman 'Yan Biyu:
Na karanta duka, amma akwai abin da nake so in faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Duk maganar nono ake, kamar wadda ta haɗa da madarar gwangwani ta yi laifi. Ni tagwaye na haifa, na koma aiki suna wata 3, na tatsa har na rame, bai ishe su ba. Likita da kansa ya ce in haɗa. Sabuwar Uwa, ki yi iya ƙoƙarinki, Allah ya cika miki burinki, amma in ranar ta zo kada ki ɗauka kin gaza. Abin da ya taimake ni shi ne filas mai riƙe zafi sosai, da ɗan mazubi mai gida-gida da nake auna garin madarar tun dare.

Sai kujerar lilo. Na ga an yi shiru a kanta. Ni ita ce ta rufa mini asiri. Mutum ɗaya, jarirai biyu, ina shirin fita da asuba, ina zan sa ɗaya in ina shirya ɗaya? A cikinta suke barci har in gama. Ki saya, ba za ki yi da-na-sani ba.

Anti Nas:
Maman 'Yan Biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaran albarka. Maganarki ta farko ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye, amma yaro ya ƙoshi shi ne gaba. Tunda kin ambaci filas, ga dalilin da ya sa yake da muhimmanci: garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, akwai wata mai suna Cronobacter da kan ɓuya a ciki. Shi ya sa hukumar ta ce a dama da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a sanyaya fidar kafin a ba yaro. Ba a dama da ruwa mai ɗumi-ɗumi don a huta da jira. Wadda aka dama aka ajiye a ɗaki, bayan awa 2 a zubar.

Amma kujerar barci, ki yi haƙuri yar'uwa, ba zan iya yin shiru ba. A watan Afrilun 2019 an janye kujerar Rock 'n Play ta kamfanin Fisher-Price daga kasuwar Amurka, guda miliyan 4.7, bayan an danganta ta da mutuwar jarirai fiye da 30. Zuwa Janairun 2023 adadin ya kai kusan 100. A 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta hana sayar da duk abin barcin jariri da gangarensa ya wuce digiri 10, haɗe da matasan nan da ake ɗaurawa a kewayen gadon jariri. Dalili kuwa, kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. In ya yi barci a kishingiɗe kan yakan rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Ko ya mirgina fuskarsa ta nutse cikin laushin kujerar ya kasa juyowa. Kuma ba ya kuka, shiru abin yake faruwa.

Maman 'Yan Biyu:
To Anti, sakaci na yi ke nan? Ga su nan shekararsu 4, lafiyarsu ƙalau. Ku ma'aikatan asibiti komai sai ku ce haɗari ne. Wadda ba ta da mai taimako fa, ta yi yaya?

Anti Nas:
Subhanallah, ban ce kin yi sakaci ba. An sayar miki da abu a matsayin kayan jarirai, kin yarda, kamar yadda miliyoyin iyaye suka yarda. Allah ya tsare naki, mun gode masa. Tambayarki kuma tana kan hanya. A ajiye jariri a kujera yana farke, an ɗaura masa bel, idonki na kansa kina shiri, wannan ba matsala. Da zarar barci ya ɗauke shi a mayar da shi shimfiɗa. Rigingine, a katifa mai tauri wadda ba ta da gangare, ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yartsana. Wadda ke neman inda za ta ajiye yaro ta sayi ƙaramin gado mai naɗewa mai raga a gefe. Yana zuwa ɗakin da kike, yana zuwa gidan mai reno, kuma yaro zai yi wasa a ciki har ya fara tsayuwa.

Mai Reno:
A nan ina bayan Anti. Akwai uwar da ta taɓa kawo mini irin kujerar ta ce a ciki kaɗai ɗanta ke barci. Na ce ta yi haƙuri ta koma da ita. Ta yi fushi kwana biyu. Yaron ya saba da gado cikin mako guda. Haka masu cewa in tokare fida da tsumma a bakin yaro ya sha da kansa, har abin tokarewar ake sayarwa yanzu. Ba na yi. Yaro zai iya shaƙewa ina juya baya.

Maman 'Yan Biyu:
Na ji. Har yanzu ina ganin ana ɗora wa uwa nauyin da ya fi ƙarfinta, amma ƙanwata na da ciki, na yi niyyar ba ta kujerar. Zan faɗa mata abin da kuka ce, ba zan ba ta don barci ba.

Baban Yara:
Assalamu alaikum iyayenmu mata. Matata ce a zauren nan, ta miƙo mini wayar ta ce in ba da labarin keken koyon tafiya da bakina, tunda ni na sayo shi.

Ɗanmu yana wata 8 na kawo shi gida, ina murna zai samu abin da zai ɗauke masa hankali mu samu mu shirya da safe. Wata rana ina ɗaura agogo, uwarsa na kicin, ya tura keken ya isa teburin da ko a tsaye ba zai kai ba, ya jawo wayar butar lantarki. Ruwan ya zubo a gefen cinyarsa. Duk abin bai kai daƙiƙa biyar ba, kuma ina cikin ɗakin. Mako uku muna zuwa wankin ciwo, tabon yana nan har yau. A asibiti aka gaya mana cewa Kanada ta haramta keken nan tun 2004, sayarwa da shigowa da shi har da na hannu, kuma yaro a cikinsa yana iya tafiyar kusan mita 1 a daƙiƙa guda. Ba ya ma sa yaro saurin tafiya. Maman jaririya, ki soke shi daga takardarki.

Kuɗin ki sa a kujerar mota in da mota za a riƙa kai ta. A kujerar baya, tana kallon baya. A Turai doka ta tilasta hakan har wata 15 a sabon tsarinsu, likitocin yara kuma suna cewa a ci gaba muddin kujerar na ɗaukarta. Kada a taɓa ɗaura ta a gaba inda jakar iskar nan da ke kumburowa in an yi haɗari take. In an isa a fito da ita, kada a bar ta ta ƙarasa barcin a ciki.

Maza kuma da ke karantawa ta wayar matanku: wankin fida da kayan tatsa da dare ni na ɗauka. Minti 15 ne. Roba daban, buroshi daban, sabulu da ruwan zafi, a kife su bushe da kansu. Wadda ta tatsa sau uku a ofis ta tashi sau uku da dare bai kamata ta tsaya a kan wannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hajiya Kaka:
Allah ya yi maka albarka ɗana, ya ƙara wa yaron lafiya.

Sabuwar Uwa:
Innalillahi. Malam, Allah ya ƙara sauƙi, na soke shi yanzun nan. To injin tsaftace fida fa? Da kyamara da safar nan? Gaskiya kyamarar ce ta fi shiga raina, don a gida zan bar ta da mai reno.

Anti Nas:
Injin tsaftace fida sauƙi ne kawai, tukunya mai murfi da ruwa na yin aikinsa. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce a tafasa minti 10, a ci gaba da haka har yaro ya shekara. Sai dai tafasa na saurin cinye kan fida, ki riƙa dubawa, in ya tsage ko ya yi danƙo ki canza. In fidar roba za ki saya ki duba an rubuta babu sinadarin BPA. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai tun 2011, Amurka a 2012, amma tsofaffin kaya na yawo.

Safa kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada iyaye su dogara da irin waɗannan na'urori don kare jariri daga mutuwar cikin barci, ba a tabbatar suna yin haka ba. Abin da nake tsoro shi ne uwa ta saki jiki ta ce ai safa na gadi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki mai lamba, ki koya wa mai reno. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, ba a jira ki taso daga aiki.

Maman Uku:
Kyamara ni ban ga amfaninta ba. Abokiyar aikina ta saka, ta koma kallon waya duk minti biyar, yaro ya yi kuka ta kira gida, mai reno ta gaji ta tafi. In ba ki yarda da mutum ba kada ki bar masa 'yarki, in kin yarda ki bar shi ya yi aikinsa.

Mai Aikin Kwana:
Anti Maman Uku, a nan kam mun saɓa. Ni aikin dare nake, kyamarar ce ta sa nake iya tsayawa a bakin aiki da natsuwa. Kuma ta nan na gano ana kwantar da ɗana rub da ciki. Ba mugunta ba ce, yarinyar da ke renonsa ba ta sani ba, na koya mata ta gyara. Sharaɗi dai a gaya wa mai reno akwai ta, kada a ɓoye. A canza lambar sirrin da ta zo da ita, don na intanet ana iya kutsawa. Wayar wutarta kuma ta yi nesa da gado aƙalla mita 1, kada yaro ya jawo ta naɗe masa wuya.

Mai Reno:
In an gaya mini, ni ba ta dame ni ba. Wadda aka ɓoye ce ke ɓata zama.

Mai Ɗinki:
Ku tuna da mu da ba ofis muke zuwa ba. Ni da 'yata muke wuni a wurin aiki, abin goyo shi ne komai nawa. Ko zani ne ko na zamani mai maɗauri, abin lura ɗaya ne ga ƙaramin jariri: ya ɗauru tsam, fuskarsa a buɗe, haɓarsa ba ta manne da ƙirjinsa ba, bayansa a tokare. In a gaba ne, kansa ya zo inda za ki sunkuya ki sumbace shi. Ki zaɓi mai faɗin mazauni da ke tallafe cinya har gwiwa, gwiwoyin su ɗan fi ɗuwawu tsawo, ba wanda ƙafafu ke reto ba, saboda ƙugu. Kuma ba na kusantar dutsen guga ko wuta da ita a gaba.

Maman Uku:
Tunda an zo nan, bari in faɗi na gaba, don watannin gudu suke. Daga wata 6 kofi da ƙaramin cokali mai laushi da kujerar cin abinci mai bel. In ta fara rarrafe, ƙofar shinge a bakin matakala da kicin, makullin kwaba inda magani da sabulu suke. Duk abin wasa ko rimot mai ƙaramin batir kamar maɓalli ki tabbata murfinsa da noti yake, don in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. Sarƙar wuya da ake cewa tana sauƙaƙa fitar haƙori, FDA ta yi gargaɗi a kanta a 2018 saboda shaƙewa. Abin da ya fi wuya kuma, waya. Ranar da kika dawo a gajiye ita ce mafi kusa da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ban da kallon allon waya ko talabijin ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana. Ni kwando nake ajiyewa a inda nake aiki, da robobi da murafe da littafi mai kauri, ina canza su duk mako.

Wani abu kuma da ba a saye: ki je wurin shugabanki tun kafin ranar komawa ki nemi ɗaki da lokacin tatsa. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa aƙalla mako 14, da hutun shayarwa a cikin yini wanda ake lissafawa cikin lokacin aiki a biya. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, don haka ki duba dokar ƙasarki da takardar ɗaukarki aiki. Kada ki yarda a nuna miki banɗaki. A haihuwata ta fari kunya ta hana ni tambaya, na riƙa tsallake tatsar rana, cikin mako biyu nono ya yi dutse ya yi ja, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na'urar tana cikin jakata duk lokacin.

Sabuwar Uwa:
Na dawo bayan kwana 5, na gode ƙwarai iyayena. Na auna kamar yadda Anti ta ce, ashe 24 ɗin ya yi mini yawa, na samo ƙarami, zafin ya tafi. Na je ofis jiya, sun ba ni ɗakin ajiyar takardu, akwai soket da makulli. Fida kuma kwana biyu ta ƙi, a na uku na fita waje babanta ya ba ta, ta sha mililita 50. Kyamara har yanzu ban yanke ba. Amma ga abin da ya tsorata ni da safen nan: nonon da na sa a firji jiya ya rabu biyu, sama kauri ƙasa tsararo kamar ruwa. Ya lalace ne in zubar?

Anti Nas:
Kada ki zubar, lafiyarsa ƙalau. Maiƙon ne ya taso sama, haka yake yi. Ki tsoma mazubin a ruwan ɗumi, ki juya shi a hankali zai haɗe, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji kafin a ba ta. Kafin ki tara da yawa a firiza, ki daskarar da ɗan kaɗan na kwana biyar ki narkar ki gwada mata. Na wasu matan yakan yi warin sabulu bayan ajiya. Ba ya cutarwa, amma wasu jariran na ƙin sa, gara ki sani tun yanzu. Wanda ya lalace da gaske tsami yake yi, hancinki ba zai ɓata ba. In kin gwada ki dawo ki faɗa mana yadda ta karɓa.